Keken Yayana da Kyankyason Gubaira

Lokacin da abin nan ya faru ina 'yar shekara goma sha biyar, bakina kamar rediyon tasi, har Umma kan ce da rashin ji sana'a ce da tuni mun koma bene a Ulaya, unguwar attajiran Riyad. A Riyad aka haife ni, a unguwar Gubaira muke zaune. Baba yana gyaran na'urori a wani asibiti, Umma kuma nas ce. Yayana shan inna ya same shi tun kafin iyayenmu su baro Kano, don haka a keken guragu yake yawo, amma idan ya zauna gaban kwamfuta sai ka rantse shi ya ƙera ta. Damuwar gidanmu ɗaya ce: shekarunsa sun kusa kai inda ba zai ci gaba da zama a ƙarƙashin iƙamar Baba ba, wato takardar izinin zama a ƙasar. In bai samu aiki da kafilin da zai tsaya masa a hukumance ba, sai dai ya koma Najeriya shi kaɗai.

Ana cikin haka aka ji labarin wani asusu da gwamnatocin wasu ƙasashe suka haɗa hannu suka kafa, domin koya wa 'ya'yan baƙi aikin kwamfuta a kuma nema musu wurin aiki. Sun ware gurbi ɗaya ga mai buƙata ta musamman. Wanda aka ɗora wa zaɓen yaran 'yan Najeriya wani dattijo ne a ƙungiyarmu da duk muke kira Kawu, mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki har ya amsa gaisuwa kafin shi ya iso. Ya zo gidanmu ya sha shayi, ya dafa kan Yaya ya ce gurbin nan nasa ne halas, har ma asusun zai ba shi sabuwar keke, amma sai an tafi da tsohuwar an auna. Umma ta yi ta sa masa albarka. Muna kallo aka naɗe keken aka jefa a bayan mota. Daga ranar Yaya da rarrafe yake zuwa banɗaki, gwiwoyinsa suka yi kanta, yana ta dariya yana cewa sabuwar tana hanya.

A makaranta asirin ya tonu. 'Yar Kawu ajinmu ɗaya, kuma Allah ya yi ta ba ta iya riƙe magana ko ta gaisuwa ce. Ta zauna tana yi mini ƙorafi wai yayanta ya hana su sakat, kullum yana koyon tuƙa wata keken guragu a falo, har ya fasa wa mahaifiyarsu kaskon turare. Wannan yayan nata ƙato ne mai buga ƙwallo, cinyarsa ɗaya ta fi ni kauri. Na ji kamar an zuba mini barkono a jini. Da na faɗa a gida, Baba ya ce Kawu ne ya tsaya masa lokacin da ya zo ƙasar nan ba shi da kowa, mu bar shi da Allah. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce za mu bar shi da Allah, amma sai na fara yi masa rakiya.

Na san ƙaton nan tun muna islamiyya, na kuma san abin da yake tsoro fiye da mutuwa. Na je bayan garejin makanikan da ke layinmu na kamo kyankyaso. Jama'a, kyankyason Gubaira ba irin naku ba ne, wannan ya isa a yi masa iƙama a nema masa kafili. Na sa shi a kwalin turare na huda masa wurin shan iska, na ba shi gutsuren dabino, ina lallashinsa ina ce masa ranarka ce mutumina. Ranar da wakilan asusun suka zo ganin ɗaliban a wani otal a Ulaya, na roƙi a sa ni cikin 'yan matan da ke zuba gahawa. Ga ƙaton a keken Yayana, an lulluɓe ƙafafunsa da bargo, ya karyar da wuya kamar marainiyar akuya, Kawu yana tsaye a kansa yana share hawaye yana ba wata baturiya daga cikin wakilan labarin wahalar da suka sha. Na durƙusa da ladabi na miƙa masa gahawa, na ce masa Yaya sannu da jiki, na buɗe kwalin a ƙarƙashin bargon.

Wallahi ban taɓa ganin waraka irin wannan ba. Ya kurma ihu yana kiran uwarsa da Larabci da Hausa, ya yi tsalle ya haye teburi, ya tsallake kujeru, ya bi ta kan takalmin Kawu ya nufi ƙofa. Keken ta gangara ita kaɗai ta tsaya gaban baturiyar. Na yi dariya har butar gahawa ta kuɓuce mini. Kawu ya tsaya baki buɗe, daga baya ya fara cewa ikon Allah ne.

Na koma gida ina jiran a ɗaga ni sama. Yaya ya saurari labarin har ƙarshe bai ko murmusa ba. Ya tambaye ni abu ɗaya: da na samu baturiyar nan a gabana, na faɗa mata cewa mai keken na gaskiya yana gida yana rarrafe? Ban faɗa ba. Ban ma tuna da shi ba, ina can ina kallon ƙato yana gudu. Wakilan kuwa ba su san akwai wani gurgu na gaske ba, abin da suka gani kawai shi ne 'yan Najeriya sun yi musu wasan yara, sai suka dakatar da gurabenmu gaba ɗaya wai sai an yi bincike. Yaran da babu ruwansu ma suka rasa. Hoton bidiyon da wani ya ɗauka a wurin ya zaga wayoyi, aka dawo mana da keken da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, samari a masallaci suka riƙa tsokanar Yaya wai ya tashi mana tunda kekensa tana warkarwa. Kafin a gama binciken wa'adin iƙamarsa ya ƙare. Muka raka shi filin jirgin sama na Sarki Khalid. Ya ja kunnena ya ce in rage rashin ji, ma'aikaci ya tura shi ciki a keken nan mai ƙara.

Kada wani ya ɗauka na yafe wa Kawu. Har yau idan na gan shi a taro sai na gaishe shi da ƙarfi na tambayi jikin yaronsa, ina kallon tumbinsa yana motsi, kuma kwalin turaren yana nan a ajiye. Ku masu riƙe amanar tallafin da aka turo domin marasa ƙarfi, ku sani wanda kuka ƙwace wa gurbi yana da ƙanwa, kuma ba duk ƙanwa ce mai tarbiyya ba. Ku kuma 'yan uwana masu zafin kai, idan an zalunci naku, ku fara kai shi inda za a gan shi a ji bakinsa kafin ku je farautar kyankyaso. Ni na kunyata maƙiyi na manta da wanda nake yi dominsa. Yanzu Yaya yana gyaran waya a shagon ƙanin Baba a Kano, ni kuma kullum sai na wuce ta gaban sawun tayar kekensa a bangon ɗakinmu. Umma ta so a yi fenti, na ce a bar shi.