Shuɗin Man Merv Trezise

Merv Trezise ya rasu a farkon sanyin nan, a kan gadonsa, taga a buɗe kamar yadda ya roƙa. Tun daga ranar mutane ke tare ni a kanti ko a bakin gidan waya suna cewa, "Aldo, kai ka fi kowa saninsa." Sai in gyaɗa kai in wuce, don in na buɗe baki murya ba ta fita. Shi ya sa na zauna in rubuta, ko zai fi mini sauƙi.

Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk a ƙarƙashin ƙasa ya ƙarar da su, a ramin ma'adinai nan Broken Hill, kamar ubansa da kakansa. Ni kuwa motar 'yan makaranta na tuƙa har na ajiye aiki. Wasa ne ya haɗa mu. A bayan gari ƙungiyarmu tana da fili na jar ƙasa mai tudu da kwana, inda muke tseren ƙananan motoci masu rimot. Namu masu injin gaske ne, mai shan mai, mai hayaƙi da ƙara, wanda duk girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba. Kowace Lahadi za ka same mu can, manya da furfura, mun jeru da rimot a hannu a kan dakalin katako mai matakala muna zagin juna.

Ranar da na fara zuwa da sabuwar motata, wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa ya tsaya a kaina ina shiri. Bai gaishe ni ba. Ya sunkuya ya shinshina soson da ke bakin injin.

"Me ka shafa masa?"

"Mai," na ce. "An ce a shafa mai."

"Wane irin mai?"

"Man zaitun. Na matata ne."

Ya miƙe ya juya wajen jama'a. "Ku zo ku gani, an kawo mana mai girki. Abokina, tumatir da albasa fa, suna cikin but?"

Aka yi ta dariya, kunnuwana suka yi zafi. Amma kafin dariyar ta lafa ya riga ya cire soson, ya zaro wani daga aljihun wandonsa ya ɗaura mini. Daga ranar sunana a bakinsa Mai Girki, har ya koma ga Allah.

Shi ya koya mini abin da ke nan. Ɗan injin nan ta cikin soso yake shaƙar iska, soson da bai fi ƙwai girma ba. In soson a bushe yake, ƙura ta wuce ta shiga ciki, ta riƙa cin fistan, ƙarfen da ke kai da komowa a cikin inji, kamar ana goga masa yashi, kafin ka ankara inji ya tashi aiki. Mai ne ke kama ƙurar. To, mai iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa, wanda iska ke ratsawa cikin sauƙi, mota ta yi ta tsalle kamar ɗan maraƙi, sai dai zafi da zuƙar inji sukan janye shi, kafin tsere ya yi nisa soso ya bushe. Akwai kuma mai kauri, shuɗi, mai danƙo kamar zuma. Wannan ba ya barin ƙura ta wuce, amma yana matse numfashin inji, in ya yi yawa ma ya shaƙe shi ya mutu a tsakiyar fili.

Merv bai taɓa amfani da wani ba sai shuɗin. Ranar Asabar yakan zauna a rumfar bayan gidansa, rediyo na kawo wasan ƙwallo, ya jefa soso cikin 'yar leda, ya ɗiga mai, ya yi ta murzawa da manyan yatsun nan nasa har ba sauran fari ko ɗigo. Sannan ya matse shi cikin tsumma, ya sake matsewa. Nasa yake fara yi, sai nawa, sai na duk wanda ya ajiye masa a kan katanga. Matarsa Noelene ta gaji da faɗa a kan tawul ɗinta da ke komawa shuɗaye, ta ware masa nasa.

Bai cika cin tsere ba, in faɗi gaskiya. Darryl Hocking, mai shagon gyaran taya, shi ke kwashe kofuna. Darryl mai ruwa-ruwa yake sawa, motarsa ta tashi kamar an harba ta, duk shekara ya sayi sabon inji bai damu ba. Sukan yi ta yi da juna.

"Tsoho, in ka iso gobe ka kashe mana fitila."

"Je ka, sarkin gaggawa. Inji nawa ka binne bana?"

Motar Merv guda ce tun da na san shi, ja mai farin layi, yana kiranta Tsohuwa. Ya canja mata taya da ƙafafu ba adadi, amma injin nan shi ne dai.

Tari ya fara masa a hankali. Da fari yakan ce hayaƙin mai ne. Daga baya hawa dakalin ya zama sai ya tsaya a tsakiyar matakala ya yi kamar yana duba rimot. Likitoci a Adelaide suka ce ƙurar rami ce ta zauna masa a huhu, ba kuma abin da zai fitar da ita. Ya dawo da tukunyar iska mai 'yar taya da roba a hanci. Wata Asabar ina zaune ina kallonsa yana fama da leda, Noelene ta kawo mana shayi ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon hannunsa, sannan ta ce, "Su ma'aikatan rami ba wanda ya ɗaura musu soso a can ƙasa." Ta ajiye kofuna ta koma ciki.

Babban tserenmu na shekara a ƙarshen zafi ake yinsa, zagaye na ƙarshe rabin awa ne ba tsayawa sai shan mai. Merv ya ce zai shiga. Kofi ba ya gabansa. So yake ya hau dakalin da ƙafarsa, ya tsaya, ya ga Tsohuwa ta kai ƙarshen rabin awar nan tana tafiya. Dukkanmu mun san ba zai ga wani ba. Noelene ta ƙi, ta yi kuka, daga baya ta yarda da sharaɗi: zai zauna cikin mota gilashi a rufe har sai an kira 'yan tsere, kuma daga an gama sai gida.

Shekarar ba a yi ruwa ba, an kuma hana ban-ruwa a gari, don haka filin ba a jiƙa shi ba. Ƙasar ta zama gari, in ka taka sai ta tashi har gwiwa.

Ana gobe tsere muka gwada Tsohuwa a bayan gidansa. Injin ya tsufa, zuƙarsa ta yi rauni. Da soso mai shuɗin mai, tana tashi lafiya, amma da an sassauta mata wuta sai ta yi tari ta mutu. Muka juya allurar kafireto, muka canja fulogi, ta ɗan gyaru, ba ta warke ba. Kuma inji irin wannan in ya mutu da zafinsa, tayar da shi sai an yi sa'a.

Muna cikin haka sai ga Darryl ya leƙo ta kan katanga, da 'yar kwalba a hannu. Ya shigo ya ajiye ta a kan benci, yana kallon wani wuri.

"Ga shi nan, tsoho. Kada ka yi mini wa'azi. Sa mata wannan gobe, za ta yi numfashi, ba za ta mutu maka ba."

Merv ya ɗaga kwalbar ya karkata ta, man ya gangara kamar ruwa. "Rabin awa, a ƙurar nan?"

"Za ta kai."

"Za ta kai. Daga nan fa?"

Darryl ya ɗaga kafaɗa. "Daga nan ta yi nata."

Ni ma na sa baki, don tsoro nake ji. Ina hango shi tsaye a kan dakali da roba a hanci, mota ta mutu a wata kwana, kowa na zagayawa shi yana kallo. Na ce, "Merv, ka ji maganarsa. Sau ɗaya ne. Me za ka adana ta ka yi da ita?"

Da na faɗa sai na ji nauyin maganar, na so in haɗiye ta. Shi kuwa murmushi ya yi. Ya jira numfashinsa ya dawo, don a lokacin magana ma sai da hutu.

"Mai Girki, shekara nawa tana yi mini hidima? Ba ta taɓa cin ƙasa a hannuna ba. Ba zan cika mata ciki da ita ba don daɗin rabin awa." Ya tura wa Darryl kwalbarsa. "Na gode, mutumina. Kai wa matar Aldo, ta soya ƙwai."

Darryl ya yi tsaki, ya ce taurin kai ne zai kashe shi, sai kuma ya shafa ƙeya. Merv ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya miƙo mini ledar, don yatsunsa ba sa iya matsa. Ni na murza, shi yana ba da umarni. "Ɗigo kaɗan. Na ce kaɗan, miya kake yi? Juya shi. Ga fari can a gindi." Da ya yi shuɗi ko'ina ya sa na matse cikin tsumma, na matse, ya ce in ƙara, na ƙara har hannuna ya yi ciwo. Ya karɓa ya kai bakinsa kamar zai busa ya ji yadda iska ke wucewa, sai ya tuna, ya miƙo mini. "Busa." Na busa. "Yaya?" Na ce tana wucewa. Ya ce, "To, abin da za mu iya ke nan."

Washegari da aka kira su, ya fito daga mota, ya hau matakalar nan a hankali, Noelene na biye da shi ɗauke da tukunyar iska. Ba wanda ya miƙa masa hannu, mun san ba zai so ba. Ni ina ƙasa, ni ne mai ba Tsohuwa mai.

Aka tashi. Ƙura ta rufe fili har ba ka gane motarka sai ta zo kusa. Tsohuwa tana baya, tana tafiyarta, Merv ba ya sassauta mata wuta gaba ɗaya ko a kwana, don kada ta sami dalilin mutuwa. Shan mai na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku, ina ɗaga ta in zuba, sai ta yi tari a hannuna ta yi shiru.

Na ruga da ita kan akwatin tayarwa, wanda ake danna mota a kansa ya juya inji. Na danna, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Injin ya ƙona mini yatsa ban ji ba sai daga baya. Ban ɗaga kai na dubi dakali ba, ba zan iya ba. Sai na ji muryar Noelene daga sama, ita da ba ta taɓa sanin kan abin nan ba, tana maimaita abin da yake raɗa mata: "Ya ce mai ya yi mata yawa. Ka cire fulogi ka juya ta ƙasa." Na cire, na juya ta, na danna, mai ya fesa mini a riga. Na mayar, na danna. Ta yi gurnani, ta yi kamar za ta fasa, sai ta kama. Na jefa ta fili.

Ta kai ƙarshe. Ita ce ta baya, an zagaye ta ban san sau nawa ba, amma da aka busa usur tana kan ƙafarta, ta zo ta wuce gabanmu da hayaƙinta. Darryl ne ya ci, bai ko je karɓar kofin ba sai da aka yi ta kiransa.

Merv bai iya saukowa ba. Muka ɗora shi a kujerar roba, ni da Darryl da wasu biyu, muka sauko da shi yana cewa mu yi a hankali, ba buhun dankali muka ɗauko ba. A ƙasa Noelene ta ce sai gida, ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ya ce in kawo Tsohuwa. Na ɗora masa a cinya. Soson ya zama kamar jan bulo, ƙura ta daskare a kansa. Ya sa na cire a hankali, ya karɓi farin hankicin Noelene, ya naɗe ƙaramin yatsansa da shi, ya zura cikin maƙogwaron injin ya juya. Ya zaro ya duba, ya miƙa mata. Fari ne tas, sai ɗan danshin mai.

Noelene ta daɗe tana dubansa. Ta ninke shi ta sa a jaka, ta gyara masa robar hancinsa da ta karkace.

Ni na tuƙa su gida. Kafin mu kai kwalta ya yi barci a kujerar baya, kansa a kafaɗarta, hannunsa a kan Tsohuwa. Na rage gudu don kada ramuka su tashe shi. Allah ya ji ƙanka, abokina.