Maganin Tarin Baƙon Babana

Mahaifina dillalin albasa ne a Aliero, kuma mai masauki. In albasa ta fito, zaurenmu ba ya rabuwa da fatake. Yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin kakanmu: ba ya miƙa wa baƙo abin da bai ɗanɗana ba. Fura ce, miya ce, ko ruwan randa, sai ya fara kai wa bakinsa, don baƙo ya ci hankali kwance. Ta nan wani marar mutunci ya bi ya cuce shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mutumin ya shekara uku yana sauka gidanmu. Dattijo ne da furfura a gemu, carbi ba ya barin hannunsa, sahun gaba yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Baba. Da wanda bai san addini ba ne, da na ce rashin sani ne. A wannan zuwan ya taho da wata gorar roba mai ruwa ja kamar shayi, ya ce maganin tari aka haɗa masa, sai dai yana ƙona masa maƙogwaro. Baba kuwa ba ya iya ganin baƙo cikin wahala. Yana da zuma da ake kawo masa daga Gumbin Kure, wadda mu 'ya'yansa sai muna kwance ba lafiya muke ganinta. Ya fiddo ta, ya sa aka daka citta da kanumfari, ya dinga dama wa mutumin a kofi kullum bayan la'asar. Ya zuba, ya motsa, ya ɗanɗana da cokali, ya ƙara zuma, ya sake ɗanɗanawa. Kwana tara ana haka.

Ni a lokacin ina aikin jinya a Jega, sai ƙarshen mako nake leƙa gida. Na tsaya bakin zaure ina gaishe su, Baba ya miƙo mini kofin.

"Ɗiyata, ke da kin san magani, shinshina wanga ki ji. Ƙarhi garai, amma na lallashe shi."

Kofin bai kai hancina ba na gane. Burandi ce, giya mai ƙarfi, irin wadda muke ji a bakin waɗanda ake kwasowa daga kan titi. Na dubi baƙon. Ko gezau, carbinsa kawai yake ja.

Na ce, "Alhaji, giya ce fa wannan."

Ya ce, "Haba 'yar nan, kowa da irin maganinsa."

Wallahi ban san lokacin da na shige tsakiyar zauren ba. Na ce masa ya sha abinsa, tsakaninsa da Allah, babu ruwan kowa. Amma tsohon da ya haura sittin bai taɓa sanin warinta ba, ya sauke ka a gidansa, ya ba ka zumar da yake hana 'ya'yansa, kana zaune kana kallo yana kai ta bakinsa, bakinka bai buɗe ba?

Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Cokali ɗaya me zai yi masa?"

Wannan maganar ce ban yafe ba. Ashe ya san abin da yake yi sarai, yana so ne kawai a tausasa masa abinsa a sauƙaƙe.

Baba ya ajiye cokalin a hankali, ya ce in shiga cikin gida, ba a yi wa baƙo tsawa a zaurensa, baƙo raɓa ne. Washegari shi da kansa ya tsaya aka ɗora wa mutumin buhunansa, ya raka shi har bakin mota, ya ce masa baɗi ya nemi wani masauki. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ji haushin Baba ma a ranar, ba zan ɓoye ba.

Daga nan Baba ya hau mota zuwa Maiyama wurin malaminsa. Malam ya ce babu laifi a kan wanda bai sani ba, ya je ya kwantar da hankalinsa. Amma da na dawo wani makon sai na tarar ya faɗa, tuwo ma tsakura yake yi. Na same shi a rumfar albasa yana juya ta shi kaɗai. Na ce, "Baba, ba Malam ya ce ba ka da laihi ba?"

Ya ajiye albasar da ke hannunsa.

"Hakanan ya ce. Abin da ban iya hwaɗa mai ba, tun kwana na huɗu tay yi daidai, ba ta bukatar ɗanɗano. Ni dai in la'asar ta yi, sai in ji ina son cokalin nan."