Malam Albarka, Wanda Ya Ɗora Kalgo Bisa Gwandu

Kullum da safe, kafin kowa ya iso ofishin aikin gona na Kalgo, Malam Mamman Albarka ya riga ya duba ma'aunin ruwan sama ya rubuta. Haka yake tun 1982. Da aka kawo kwamfuta kuwa, sai aiki ya ƙaru: ya yaye zanen da ya lulluɓe ta, ya haɗa ta da layin tarho, ya zauna jiran taswirar hasashen ambaliya daga babbar na'urar wata cibiyar bincike mai nisa.

Jira kam, ya sha shi! Taswirar takan sauko ne layi-layi, daga arewa zuwa kudu, kamar ana saƙa tabarma. Tana kaiwa Gwandu sai layin ya yanke. Kalgo, da ke ƙasa kaɗan, ba ta taɓa fitowa ba. Ga shi kuma Malam Albarka mutumin Gwandu ne.

A daminar 1998 abin ya wuce wasa. Shinkafar fadama saura mako biyu ta gama nuna, kogi kuwa sai cika yake. A yanke yanzu a yi asara kaɗan, ko a jira ruwa ya kwashe duka? Sarkin Noma Isa ya zo da kansa, ya tsaya bayan kujera har taswirar ta maƙale inda ta saba.

"Malam, wagga na'ura taka ta san gida," in ji shi. "Ta kai garinku ta zamna shan hura. Mu mi munka yi mata?"

Kowa ya yi dariya ban da Malam Albarka, don zancen ya sosa masa rai. Kwana uku yana gwaji da agogo a hannu. Ya gano layin ba ya wuce minti arba'in. Ya cire launuka don taswirar ta yi saurin saukowa, bai isa ba. Sai ya umarci na'urar can da ta juya taswirar, kudu ta koma sama.

Kalgo ce ta fara fitowa. Taswirar ta nuna fadamarta duk ruwa zai rufe.

Malam Albarka, kai ne ka hau babur ka bi unguwa-unguwa da takardar taswirar a hannu, kana cewa a fito da lauje. Kwana tara bayan nan ruwa ya zo, ya tarar da kututturen shinkafa kawai. Gagara gajiya, mai haƙurin jiran layi! Yau da kake ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ma'aikatanmu, in abu ya ƙi ta gaba, ku zauna da shi kamar yadda ya zauna.

Takardar nan tana manne a zauren Sarkin Noma har yau. In baƙo ya ce an manna ta a juye, sai tsohon ya riƙe masa hannu: "Bar ta hakanan. Da hakanga munka ci tuwo."