Yadda Na Raba Garinmu Da Fagen Kokowa

Lokacin da abin ga ya faru, ni magidanci ne sabon shiga, mai mata da ɗiya ƙanana, a wani ɗan ƙauye bisa dutsi tsakanin Allakaye da Garhanga. Ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin waɗanda na ɓata ma rai suna nan, kuma duk sun fi ni ƙarfi yanzu. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Allo ma malam ya sallame ni tun da wuri, ya ce na fi kowa surutu na fi kowa mantuwa. Rubutun ga da kuke gani a karatun manya na tsince shi da furfura, in kun ga ya karkace ku miƙe shi. Abin da na iya a duniya kokowa ce, ita ma da ido da baki. In na shiga fage, kafin makaɗi shi gama kiran sunan ubana na riga na kai ƙasa. Amma in na tsaya gefe, ina ganin kayen mutum tun bai zo ba: in gane wanda ya ɗora nauyinshi ga ƙafa guda, in gane wanda numfashinshi ya fara gajarta. Don haka samari sunka roƙe ni in daina ba su kunya, in riƙa horonsu. Haka na zama uban fage, wato mai koya ma 'yan kokowa, mai jera su, mai cewa wane shi kama wane.

A wancan zamani ƙauyukanmu na bisa dutsi muna da zagaye namu. In an yanke hatsi an cika rumbu, gari shi aika ma gari da goro, a sa rana. Baƙi su zo da makaɗinsu da 'yan matansu, a yi kokowa bayan la'asar, a ci tuwo, su kwana, da safe a raka su har bayan gari. Dokar guda ce, kowa ya tashi ya iske ta: garin da kunka ci tuwonshi, sai kun tarbe shi ya ci naku kafin ruwan farko. A fagen nan samari ke ganin matan da za su aura, nan tsofaffi ke kashe rigimar rijiya da ta iyakar gona. Ni duk ban ga wannan ba a lokacin, kaye kawai nike gani. Garin da ya fi kusa da mu, uban fagensu taubashina ne, ɗan kawuna, gajere mai ƙaton ciki. Ba mu taɓa haɗuwa munka rabu ba mu zagi juna ba. Shina kirana mai kokowar baki, ni ina kiranshi rumbu mai ƙafa.

Shekarun da Nasara ke yaƙinsu a can ƙasarsu, yaran da na hora sunka fara kada kowa a zagayen. Gaskiya ba iyawata kaɗai ba ce, don an kwashe ƙarfafan wasu garuruwan soja, wasu kuma aikin hanya na tilas, amma ni na ɗauki abin duka na aza bisa kaina. Hanyar da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya sa anka yi ta bi ta fadama, kasuwa ta bi hanya, garuruwan fadama na wajen Madawa sunka kumbura. A fagensu makaɗa kaɗai sun fi 'yan kallonmu yawa. Wata ranar kasuwar Karofane na haɗu da sarkin samarin wani babban gari na can. Ya zaunar da ni inuwa, ya sa anka dama mini fura da nono, ya ce labarina ya iso musu, ya ce mutum irina bai dace shi ƙare rayuwarshi shina kada makiyayan awaki bisa dutsi ba. Ya ce in kawo yarana su shiga zagayensu na fadama, ya faɗi rana. Furar ta yi daɗi, maganar ta fi ta daɗi. Sai da na kama hanyar gida na tuna ranar da ya faɗa ita ce ranar da munka sa ma garin taubashina, kuma mun riga mun ci tuwonsu.

Maigarinmu ƙanen ubana ne, Baffa nike ce mishi. Na same shi ƙofar gida shina tufkar igiya, na zuba mishi labari da gishiri. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce, ɗana, mun ci tuwon mutane, a tarbe su tukuna, maganar fadama a bar ta baɗi. Na ce irin wanga kira ba a yin shi sau biyu. Ya tambaye ni wa zai hawo dutsen ga daga fadama shi rama mana ziyara. Na ce in sunka ga yarana, ko da rarrafe za su hawo. Ya ce to shi dai ba ya da bakin da zai aika ma maƙwabta a ce kar su zo, kuma zai sa mata su yi tuwo. Ni ina da baki, ina iya aikawa da kaina a ɗaga ranar. Ban aika ba, don na san taubashina zai zo shi zaunar da yaran shi kwance duk abin da na ƙulla. Na tara su na hura musu kunne, ranar da asuba munka sulale da makaɗinmu munka gangara.

A nan na koyi abin da ya kamata a ce uban fage ya sani tun bai fita gida ba. Fagenmu ƙasa ce mai tauri da tsakuwa, don haka kokowarmu ta tsaye ce, ta saurin ƙafa da taɗiya. Fagen fadama rairayi ne har idon sawu. Yarona in ya kai taɗiya, ƙafar sai ta nutse ta tsaya nan tana jiran a ɗauke ta. Su kuwa mutanen sunkuye suke kama, kai ƙasa, hannu ga gwiwa. Babban zakaranmu, wanda shekara da shekaru bayanshi bai san ƙasa ba, anka ɗaga shi kamar damin gero anka ajiye. Sauran sunka bi layi. Makaɗinsu ya sa waƙa wai awakin dutsi sun gangaro shan ruwa sun zame. Ni ina gefe ina ta ihun dabarun da ba su aiki a wurin, har wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa ta ce in jiƙa maƙogwaro, tun da shi kaɗai ke kokowa a cikinmu. Sun ciyar da mu sosai, ban hana musu wannan ba.

Abin da munka iske gida ya fi kayen ciwo. Matata ta ba ni labari. Baƙi sun zo da ganga da 'yan mata, tuwo ya cika akushi, fage a share, babu ɗan kokowa ko guda. Taubashina ya shiga tsakiyar fili ya yi kira, yadda al'ada take, ko akwai mai fitowa. Babu wanda ya amsa sai tsofaffi da sunka sunkuyar da kai. Baffa ya roƙe su su ci abinci, sunka ce sun ƙoshi, sunka juya a yinin. Ƙin cin tuwon nan shi ne hukuncin. Daga ranar goro bai sake shigowa garinmu ba, ko daga su ko daga sauran ƙauyukan. Mutanen fadama kuwa ba su taɓa hawowa ba, sarkin samarinsu ya ce hanyarmu tana kashe ƙafar jaki. Munka zama ba mu nan ba mu can. Baikon da anka ƙulla tsakaninmu da maƙwabta ya fara warwarewa, samari na gama yankan hatsi sai su tafi cin rani don babu abin tsayawa. Baffa bai zage ni ba. Ya dai daina tambayata komi, ko ruwa ya sauka gonata.

Ana cikin haka sarkin samarin nan ya aiko in zo in koya ma yaransu taɗiya, ya ce akwai ɗaki da 'yar gona. Na kwashi iyali na tafi, ina gaya ma kowa an ɗaukaka ni. Kunya ta kore ni, na sa mata riga na kira ta girma. Kakar farko yaran sun ci wasa, gari ya ce jininsu ne, kakanninsu ma haka suke. Kaka ta biyu wani gari ya kada su, gari ya ce baƙon dutsi ya ɓata musu yara. Babu wanda ya sallame ni. Wata la'asar dai na zo fage na iske wani dogon mutum da anka ɗauko daga wani wuri shina jera yarana. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in ɗan matsa, baba, na tsaya bisa layi. A makon nan mai gonar ya tuna shina son shuka albasa.

Na koma gida da jaki guda da mata mai shiru. Baffa ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa, ya ce shi ba ya da abin yafewa, waɗanda anka bari tsaye cikin rana su ke da shi. Na ɗauki goro na tafi wurin taubashina. Ya bar ni tsugune a zaure har ƙafata ta mutu, sannan ya fito shina tambaya ko kamiyo ne, wato babbar mota, ya kawo sarkin fadama, don bai ji ƙara ba. Na ce, ɗan kawu, zage ni yadda kake so, amma a maida garinmu zagaye, yara ba su yi komi ba. Ya ce dattawansu sun riga sun yanke magana tun tuni: goro ba ya wanke abin da anka yi a fage. Ya ce ranar nan ya yi kira ba a amsa ba, kiran shina nan tsaye. Za su zo, zai sake kira, kuma ni zan amsa, da walki, gaban mata da yara. Na ce shi zaɓi ƙato cikin samarinmu, abin zai fi kyan kallo. Ya ce shi mai kokowar bakin yake so.

Ranar ta zo, fage ya cika har bisa duwatsu, don labari ya zaga ƙauyukan. Ya yi kira, na amsa, muryata kamar ta ɗan akuya. Munka fito mu biyu, shi da tumbi ni da ƙafafu kamar kara. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga da niyyar kada shi. Na sunkuya in yi mishi ɗaukar ƙafa irin ta fadama, kaina ya shige ƙarƙashin cikinshi ya ƙi fita. Bai wahalar da kanshi ba, ya kife ni ya zauna mini a ƙirji, ya sunkuyo kunnena ya tambaya ko wannan ne karatun da na tafi nema. Dariyar da anka yi ran nan, har matata da ta rantse ba za ta zo ba na hango ta tana share hawaye. Sannan ya tashi, ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini baya, ya juya wajen Baffa ya ce, Baba, yunwa muke ji. Anka fiddo akushi sunka ci. Bayan nan samari sunka shiga fage. Kaka mai zuwa goro ya zo daga sauran garuruwan, kuma anka maida ni uban fage, ba don sun manta ba, don dai babu mai idona a garin.

Yanzu ina jin a rediyo masu horon 'yan balo, wato ƙwallo, da 'yan kokowa suna barin wannan ƙungiya su kama waccan, ƙananan garuruwa suna ficewa daga cikin tsaransu su bi manya. Mutane na cewa kwaɗayi ne. Ni da na yi, na san wani yabo ne ya ɗauke shi, wani kunya ce ta tura shi, wani kuma ya zo ne ya iske an jera yaranshi. Ban ce kowa shi zauna inda anka haife shi ba. Neman babban fage ba laifi ba ne, kuma da an bar ni yau ma zan so yarana su gwada rairayi. Amma kafin ka tafi, ka tarbi wanda ka ci tuwonshi, ka gaya mishi da bakinka cewa za ka tafi, kuma ka tambayi masu kiranka ko su za su zo gidanka. In sunka fara maganar nisan hanya, ka san matsayinka. Ni na yi sa'a, ina da taubashin da ya ji zafina har ya zauna mini a ƙirji. Wani zai koma gida shi iske babu ma wanda ya damu shi kada shi.