Mutum Goma Sha Ɗaya, Waya Ɗaya

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da Baba Ɗanjuma na Giwa Tazo ya tsaya gaban teburina na nemi sunansa a kwamfuta na rasa ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da komai a tsare, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi.

Shekara goma sha bakwai ina akawu a shagon Alhaji Mu'azu da ke Jega. Taki muke sayarwa, da maganin feshi, da irin albasa, muna da reshe a Aliero da Maiyama. Manhaja biyu gare mu. Ɗaya ta lissafi ce, ita ke fitar da rasit. Ɗayar ta abokan ciniki ce: sunan manomi, garinsu, abin da ya saba shukawa, kuma ita ke tura saƙo idan kaya sun iso. Ba su san juna ba. Duk wanda ya yi sayayya sai na rubuta shi nan, in sake rubuta shi can. Idona ya gaji, bayana ya gaji, ni ma na gaji.

Wata shekara, da damina ta ja baya, Alhaji ya ɗauko wani injiniya daga Birnin Kebbi ya haɗa su. Injiniyan ya ce dole a zaɓi abu guda da manhajojin za su riƙa gane mutum da shi. Suna ba zai yi ba, don Umaru kaɗai ya cika mana shafi biyu. Ya ce, "To lambar waya fa? Kowa da tasa." Na san ba haka ba ne. Wallahi na sani. Amma tun safe muke zaune, la'asar ta wuce, na ce masa e, a yi hakan.

A Giwa Tazo manoma goma sha ɗaya ne ke ba mu lamba ɗaya, ta ɗaya daga cikinsu, Haruna mai cajin waya. Saƙo ya zo, shi ke bi gida gida ya faɗa. Na'ura ta ga lamba ɗaya, sai ta dunƙule su duka ta mai da su mutum ɗaya, Haruna.

A shekarar irin albasa ya yi wuya. Alhaji ya kafa doka: gwangwani biyu ga kowane tsohon abokin ciniki, kada wani ya kwashe ya ɓoye. Manhaja ta fitar da jerin sunaye, ta tura saƙo, na Giwa Tazo da sunan Haruna kaɗai. Haruna ya zo ya karɓi biyunsa, a zatonsa sauran za a kira su daban. Cikin kwana huɗu sito ya zama wayam.

Rana ta biyar Baba Ɗanjuma ya iso. Ya riga ya gyara fangalin lambunsa, ya zuba taki, iri kawai yake jira, lokacin yafi kuma ba ya jiran kowa.

"Malam Akawu, na zaka amsar irina."

Na buga sunansa, babu. Na sake bugawa. Na buga lambar, sai ga Haruna da cinikin mutum goma sha ɗaya a kansa.

"Baba, an samu kuskure."

"Wane irin kuskure? Tun shagon ga na rumfa nike sayen iri nan. Mi niy yi anka hidda ni?"

Na shiga wurin Alhaji na faɗa masa gaskiya, har da cewa ni na amince da lambar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Kai da kas san mutanen ga ɗaya ɗaya?" Ya miƙo mini makullin babur.

Na je Aliero, na wuce Maiyama, na kakkaɓe rassan biyu na samo gwangwani shida. Mutum goma, gwangwani shida. A ƙofar masallacinsu suka raba da murfin kwalba, ina tsaye ina kallo kunya kamar ta kashe ni. Rabin lambunsa Baba ya dasa a shekarar.

Sati uku na yi ina warware sunayen da hannu, rasit bayan rasit. Muka ba kowane manomi lambar shago tasa ta kansa, wadda ba ruwanta da waya. Ita ce kuke gani yanzu a saman katin kowa.

Bayan an cire albasa, sai ga Baba ya dawo. Ya kwance bakin aljihu ya ajiye wata ƙaramar waya sabuwa a teburina, ledar fuskarta ma ba a ɓare ba. Akuya ya sayar ya saye ta.

"Ban iya ta ba," in ji shi. "Amma ga lamba, tawa ta ni ɗaya. Rubuta ni, kar a koma mance ni."

Mun daɗe da gyara matsalar, ba ya buƙatar waya ko kaɗan. Na karɓa na rubuta.

Don haka idan na dame ku da tambayar "wayar wa ce?" kafin ku shigar da manomi, ku yi haƙuri da ni. Na'ura ba ta san kowa ba sai wanda muka gaya mata, kuma ranar da muka gaji muka ce e, ba mu ke biya ba.