Gonar Malam Daga Sama

Da me ya gane ni? Na tambayi jikata da take rubuta mini wannan, ta ce ba ta sani ba. Na tambayi ɗalibansa, suka yi ta kallon juna. Mutumin da a ƙarshen rayuwarsa sai ya laluba yake samun kofin shayinsa, shi ne ya nuna wani ɗigo a cikin hoto ya ce ni ce. Kuma ni ɗin ce.

Mijina, Allah ya jiƙansa, malami ne a sashen koyar da ƙera injuna na wata jami'a a birnin Kano. Ni ban yi boko ba, ban kuma bi shi birni ba. Na zauna a Lakwaya ina kula da mahaifiyarsa, har zaman ya bi jikina. Ranar Juma'a da yamma yake dawowa. Wasu mazan tsire suke riƙo wa matansu tsaraba, ni ƙarfe ake kawo mini.

A farko, in ji shi, sashen nasu rumfar kwano ce kawai, ɗalibai suna bin layi a kan inji guda. Ba su da wurin gwaji, sai tsakar gidana. An kawo injin ɓare gyaɗa, ya niƙe mini gyaɗa da ɓawonta. An kawo na sussukar gero, ya riƙa watsa geron ta kan katanga, kajin maƙwabta suka yi ƙiba a wannan shekarar. Duk abin da aka kawo sai Malam ya ce, "Injiniya, zo ki duba mana." Haka yake kirana don tsokana. Ni kuma in ce, "Malam, a dawo mini da turmina."

Amma ba zan hana su haƙƙinsu ba. Injin gyaɗar ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo, har ranar da ya ɓare mini buhu ba tare da ya fasa ƙwaya ba. Matan unguwa suka fara sallama da kwanukansu. A can kuma rumfa ta zama gini, gini ya zama bene, 'yan mata suka fara shiga karatun. Wata Juma'a ya dawo yana ta murmushi, ya ce an ƙara wa sashen suna, yanzu har jirgin sama za su koyar.

Na ce, "Ku da gyaɗa ta ba ku wahala haka, sama za ku hau? Ka gaya mini ranar, in kwashe shanyata."

Ya yi dariya har ya ƙware.

Bayan ya yi ritaya ya koma noma a gonar da ya gada wajen Masanawa. Yana son gonar nan kamar me. Sai ciwon suga ya kama ƙafarsa, ya rage masa gani. Hanyar gonar kuwa babur kaɗai ke shiga, shi kuma ko zama ba ya iya daɗewa. Da kaka ta zo, kullum maganarsa ɗaya: yana so ya ga dawarsa kafin a yanke. Ni da shi mun san ba yankan dawa kaɗai yake nufi ba, amma ba wanda ya faɗa.

Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu ita ke koyarwa a sashen, ta zo gaishe shi ta ji wannan magana. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da ɗalibanta da wani akwati. A ciki akwai ƙaramin jirgi marar matuƙi da suka haɗa da hannunsu, faɗinsa bai fi faifai ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ke za ki raka mu ki nuna mana iyakar gonar. Za mu ɗauko wa Baba hotonta daga sama."

Na tuna gyaɗa, na tuna gero. Na ja ta gefe na ce, "'Yar nan, idan abin nan irin na farkonku ne, gara kada ku sa masa rai."

Malam yana kwance, ashe kunnensa na wajenmu. Ya ce, "Ku tafi da ita. Duk injin da bai sha zaginta ba, ba ya aiki."

A gona muka tarar da mata suna roron wake a gonakin gefe, suka baro aikinsu suka kewaye mu. Aka ajiye jirgin a ƙasa, ya yi ƙugi, ya ɗaga kaɗan, iska ta karkata shi ya faɗa tsakanin kunyoyin gona. Wata mata ta ce, "Wannan ai fara ta fi shi." Kowa ya yi dariya ban da ni. Na juya baya ina roƙon Allah kada in koma wa mutumin nan da labari kawai. Malamar ta share ƙasar, ta canja fiffike ɗaya, ta ce a jira iska ta lafa. Da aka sake tayar da shi sai ya miƙe, ya wuce kan dawa, ya wuce tsamiya, har ya koma kamar shirwa.

Da la'asar aka jingina Malam da matashi, aka ɗora masa kwamfuta dab da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ga dawar ta yi kai, ya ce gefen rafi ya fi kyau, ya yi wa masu noman faɗa a kan wani lungu da suka bari. Sai ya ɗora yatsa a kan ɗigo ɗaya cikin ɗigogin matan nan ya ce, "Ga Injiniya." Aka ƙara girman hoton. Ni ce. Mayafina iri ɗaya ne da na mata da yawa a wurin, fuska kuma ba ta fito ba.

Washegari da hantsi ya cika. Tun daga daren ranar da ya ga hoton jikinsa ya yi nauyi, ba a ƙara jin komai daga bakinsa ba sai kalmar shahada. Har yau idan na ji ƙugin inji sai hawaye ya zo mini, ba na kuma ɓoyewa.

Amma kafin nan, bayan baƙin sun tafi, na zauna a bakin gadonsa na ce, "Malam, don Allah da me ka gane ni?"

Ya lumshe ido yana murmushin nan nasa na ranar Juma'a, ya ce, "Ba zan gaya miki ba. In na faɗa, dainawa za ki yi."