Turmin Hindou da Jirgin Chaïbou

Ni Malika, ranar da na ji Chaïbou mijin ƙawata Hindou zai kwashe iyali su koma zama cikin jirgin ruwa, cewa na yi a nemo masa mai ruƙiya. Mutum yana gyaran tayarsa lafiya lau a titin Gate City Boulevard, nan ƙasar Turawa, a garin da sai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka ga teku! Amma ɗan masunta ne daga Gaya, a cikin kwalekwale ya yi wayo, kuma gidan haya ya ishe shi. Tsohon jirgi yake nema, irin mai ƙyalle da iska ke turawa, wanda zai ɗauke su da yaransu biyu, Kader da Ousseina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Hindou ta yarda. Na ce mata, "Ke ma kin zare ne?"

Ta ce, "Malika, a jirgi akwai maƙwabci a ƙasana?"

Nan na gane. Hindou tana da turmin mahaifiyarta, wanda aka aiko mata bayan rasuwar tsohuwar. A bene suke zaune. Sau ɗaya ta gwada daka, matar da ke ƙasa ta hau buga rufi da sandar tsintsiya, mai gidan ya yi musu kashedi. Tun daga nan turmin ya koma bayan ƙofa ana zuba masa lemar ruwan sama, ita kuwa tana niƙa yaji a bilanda tana tsaki. Sharaɗinta ɗaya ne, duk jirgin da za a saya sai ta yi daka a cikinsa.

Kowace Asabar sai su ɗaura wa turmi bel a kujerar bayan mota su nufi bakin teku. Dillalan jirage sun ga ikon Allah. Miji yana duba injin da igiyoyi, mata tana auna rufi da taɓarya.

Ranar da na raka su, Chaïbou ya samu wanda ya kwanta masa a rai. Wallahi har ni ya burge ni: gadaje huɗu, ɗan kicin, ko ɗigon ruwa ba ya shiga. Ya shafa sitiyarin kamar mai shafa kan ɗansa. Hindou ta sauka ciki, ta ɗaga taɓarya, sai ƙwas! ta bugi rufi. Ta fito sama ta aje turmi, bugu ɗaya daɓen ya lotsa kamar murfin roba. Mai jirgin, wani dattijon Bature, ya ɗaga hannu yana roƙo, ya ce daɓen ba zai ɗauka ba. Gaskiyarsa ce, amma na ji haushinsa.

Hindou ta dubi mijinta, ta ga yadda idonsa ya ƙi barin jirgin. Ta jingine taɓarya ta ce, "Baban Kader, saya kawai. Bilanda ba ta kashe ni ba."

Tausayinta ya kama ni har na kau da kai. Chaïbou ya sunkuya ya saɓa turmi a kafaɗa, ya yi wa Bature godiya, ya sauka. Muka bi shi har wurin ajiye motoci. Can ya dire shi a ƙasa, ya ɗauko ƙullin geron da Hindou take yawo da shi duk Asabar, ya juye a ciki.

"Jirgi ba ya ƙarewa, za mu samu wani," in ji shi. "Daka. Nan babu kowa a ƙasanki."

Ta fara a hankali, sannan hannu ya tuna. Tana cilla taɓarya sama tana tafi tana cafewa, yaran sun saki baki don ba su taɓa gani ba. Can ta tsaya, hawaye na zuba, ta ce, "Kader, Ousseina, ku matso ku ji. Haka gidan kakarku yake da safe."